Sharhi: Manhajojin waya a kan kwamfuta, hanya ta samu amma mabuɗin na hannun Google

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, miliyoyin kwamfutoci a faɗin duniya suka shiga halin gaba kura baya sayaki. Lafiyarsu ƙalau, amma ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, kuma ci gaba da aiki da su a haka tamkar barin ƙofa ne a buɗe ga masu kutse. Tun a ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan mataki zai iya mayarwa shara.

Mafitar da masu rajin manhajojin kyauta ke tallatawa ita ce a sauke Windows a ɗora Linux, tsarin da ba a biyan ko dala kafin a yi amfani da shi, kuma yake tafiya a kan tsofaffin na'urori. Sai dai mai shago, ko sakataren ƙungiya, ko malamin makaranta, tambayarsa ɗaya ce: kayan aikin da ya saba da su za su yi a can? A yau kuwa da yawa daga cikin waɗannan kayan aiki manhajojin Android ne, waɗanda aka rubuta domin wayar salula, ba su da takwarori na kwamfuta.

A nan ne wata fasaha da ake kira kwantena ta shigo. Da ita ana iya buɗe manhajar waya a kan allon kwamfuta mai Linux, ta yi gudu kusan kamar an gina ta ne domin wurin. Ta fuskar fasaha an ci rabin yaƙin. Abin da ya rage shi ne batun izini: wane ne ke da ikon cewa wannan na'ura amintacciya ce, waccan kuma ba a yarda da ita ba. Wannan iko yana ƙara taruwa a hannun kamfani ɗaya, wato Google.

Ƙofar da Microsoft ya buɗe ya kuma rufe

Ba yau aka fara neman haɗa waya da kwamfuta ba. Microsoft ya taɓa gwada wani shiri mai suna Project Astoria domin manhajojin Android su yi aiki a wayoyinsa na Windows, ya kuma watsar da shi a watan Fabrairun 2016. A watan Yunin 2021, yayin gabatar da Windows 11, kamfanin ya sake dawowa da alƙawarin, a wannan karon a kan kwamfuta. Ya ƙulla yarjejeniya da Amazon domin a riƙa sauke manhajoji daga rumbunsa, tun da rumbun Google na Play Store ba ya cikin shirin.

Rashin Play Store ɗin shi ne ya zame wa shirin ƙarfen ƙafa. Rumbun Amazon ba shi da akasarin manhajojin da mutane ke nema, an buɗe shi ne a wasu ƙasashe ƙalilan, galibinsu a Turai da Amurka ta Arewa, haɗi da Japan da Ostireliya, sannan sai kwamfuta na da aƙalla giga 8 na ma'adanar aiki ta ram kafin abin ya tashi. Ranar 5 ga Maris 2024 Microsoft ya sanar da cewa zai rufe shirin, ya kuma rufe shi ranar 5 ga Maris 2025. A watan Agustan shekarar Amazon ma ya rufe rumbun nasa ga wayoyin Android.

Darasin da ke ciki a bayyane yake. Kamfani mai girman Microsoft, da duk dukiyarsa da injiniyoyinsa, ya iya sa manhajojin Android su tashi a kan kwamfuta, amma bai iya kawo mutane ba, domin abin da mutane ke kira Android a kullum ya haɗa da kayan Google da ke cikinsa.

Mene ne kwantena?

Domin a fahimci bambancin, sai an san cewa kowane tsarin tafiyar da na'ura yana da ginshiƙi da masana ke kira kanel. Shi ne ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura, ya raba wa manhajoji lokaci da wurin ajiya, ya kuma hana wata taka wata. Android, wanda Google ya saya a 2005 ya kuma fitar a 2008, an gina shi ne a kan kanel ɗin Linux. Ma'ana, wayar Tecno ko itel da ke aljihun mutum da kwamfutar da aka ɗora wa Ubuntu ƴan gida ɗaya ne ta wajen tushe.

Hanyoyi biyu ake bi a sa Android a cikin kwamfuta. Ta farko ita ce a kwaikwayi na'ura sukutum, a gina kwamfuta ta boge a cikin ta gaske, da nata kanel da nata rabon ram. Wannan hanya ce BlueStacks, wanda ya fito a 2011, da shirin Microsoft suka bi. Misalinta kamar mutum ne ya gina wani cikakken gida a tsakar gidansa, da harsashinsa da rijiyarsa da mitar wutarsa. Yana da kariya, amma yana cin fili da kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce kwantena. A nan ba a gina sabon gida, ɗaki ake ware wa baƙo a cikin gidan da ke akwai. Yana da ƙofarsa da kwaɗonsa, ba ya ganin kayan sauran ɗakuna, amma harsashi ɗaya ne, famfo ɗaya, mita ɗaya. Android ɗin da ke cikin kwantena yana amfani da kanel ɗin kwamfutar kai tsaye, shi ya sa ba ya da nauyi, kuma yake tashi da sauri.

Abubuwa biyu ne a cikin Linux suka ba da damar haka. Ɗaya yana ware wa kowane rukunin manhajoji duniyarsa, ta yadda zai ga fayilolinsa da hanyar sadarwarsa kaɗai. Ɗayan kuma, mai suna cgroups, yana ƙayyade yawan ƙarfin na'ura da kowane rukuni zai ci. Injiniyoyin Google ne suka fara rubuta wannan na biyun a 2006, ya shiga Linux a 2008, shekarar da aka fitar da LXC, kayan aikin haɗa kwantena. Docker, wanda ya fito a 2013, shi ya yayata fasahar a manyan rumbunan bayanai na duniya. Akwai kuma Binder, hanyar da sassan Android ke aika wa juna saƙo, wadda ta samu cikakken gurbi a kanel ɗin Linux a 2015. Da waɗannan uku suka haɗu, sai hanya ta buɗe.

Daga Anbox zuwa Waydroid

Wanda ya fara nuna wa duniya cewa abin zai yiwu a kan kwamfutar kowa shi ne Simon Fels, injiniya a kamfanin Canonical mai Ubuntu, wanda ya fitar da Anbox a watan Afrilun 2017. Anbox ya tsaya a kan Android 7, yana da jinkiri wajen nuna hotuna, kuma a hankali aikinsa ya ja baya har aka sanar da dakatar da shi a farkon 2023. Shi kuwa Canonical ya karkata ga Anbox Cloud, wanda ya ƙaddamar a 2020 domin sayar wa kamfanoni.

Magajinsa shi ne Waydroid, wanda ya bayyana a 2021, kuma ƴan sa-kai ne ke riƙe da shi. Yana ɗora wani nau'in Android da aka samo daga LineageOS a cikin kwantenar LXC, ya bar shi ya yi amfani da katin hoton kwamfutar kai tsaye. An daɗe ana amfani da Android 11 a cikinsa kafin a koma Android 13. Idan aka girka manhaja, tambarinta na fitowa a jerin manhajojin kwamfutar kamar kowace, ana iya buɗe ta a tagarta, a rubuta da madannai, a yi nuni da linzami.

Fasahar ba ta tsaya a hannun ƴan sa-kai ba. Kamfanin Jolla na ƙasar Finland ya daɗe yana amfani da kwantena domin manhajojin Android su yi aiki a wayoyinsa masu tsarin Sailfish. A ƙarshen 2025 kuma aka tabbatar cewa Valve, kamfanin wasannin kwamfuta na Amurka, yana gina nasa mai suna Lepton a kan Waydroid. Shi kansa Google da kwantena ya fara sa manhajojin Play Store a kwamfutocinsa na Chromebook a 2016.

Inda gizo ke saƙar

Duk da haka, wanda ya ce abin babu wahala bai faɗi gaskiya ba. Matsala ta farko ita ce ta harshe. Kusan dukkan wayoyi na amfani da ƙwaƙwalwar na'ura samfurin ARM, irin waɗanda MediaTek da Qualcomm da Unisoc ke ƙerawa, yayin da akasarin kwamfutoci ke amfani da na Intel ko AMD. Kwantena ba ta fassara tsakanin harsunan biyu. Manhajar da masu ita suka fitar da nau'in da ya dace da Intel za ta tashi lafiya. Wadda kuwa aka haɗa domin ARM kaɗai sai an nemo mata tafinta. Tafintocin da ake da su biyu ne, libhoudini na Intel da libndk na Google, dukkansu mallakin kamfanonin ne, ba a raba su tare da Waydroid, sai mai amfani ya nemo su da kansa ta wasu hanyoyi na gefe.

Ta biyu ita ce katin hoto. Na Intel da na AMD suna tafiya daidai. Na Nvidia kuwa ba ya jituwa da Waydroid, lamarin da ke tilasta wa ƙwaƙwalwar na'ura ɗaukar aikin zana hotuna, abin ya koma tafiyar hawainiya.

Ta uku ta fi shafar masu tsofaffin kwamfutoci. Waydroid na buƙatar Wayland, sabon tsarin nuna tagogi a Linux, wanda daga gare shi ya samo rabin sunansa. Fedora ta koma Wayland tun 2016, Ubuntu ta bi sahu a 2021. Amma nau'o'in Linux marasa nauyi da aka fi ba masu tsohuwar na'ura shawarar ɗorawa, irin su Linux Mint da masu fuskar Xfce, sun daɗe a kan tsohon tsarin X11. A kansu sai an ƙara wani mataki kafin Waydroid ya buɗe. Wato wanda ya fi buƙatar fasahar shi ne ya fi shan wahalar girka ta.

Ta huɗu, kwamfuta ba waya ba ce. Ba ta da layin SIM, don haka ba ta karɓar saƙon tes mai ɗauke da lambar tabbatarwa, ba ta buga lambobin tauraro da ake aika kuɗi da su. Galibi ba ta da na'urar gane wuri ta GPS, kuma kyamara da Bluetooth ba kullum suke amsawa a cikin kwantena ba.

Ta biyar ita ce tsaro. Da yake kanel ɗaya ake rabawa, bangon da ke tsakanin ɗakin baƙo da na mai gida bai kai kaurin katangar gida biyu ba. Muguwar manhajar da ta samu ɓaraka a kanel tana iya isa ga kwamfutar baki ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Google, daga 2021, ya fara janye Chromebook daga kwantena zuwa kwamfutar kwaikwayo mai suna ARCVM, duk da ta fi cin ram.

Hatimin Google

Dukkan waɗannan matsaloli na fasaha ne, kuma ana rage su shekara bayan shekara. Wadda ba ta raguwa, sai ma ƙaruwa, ita ce ta hatimi.

Android kashi biyu ne. Akwai tushensa da ke buɗe, wanda kowa zai iya ɗauka ya gyara, shi ne LineageOS da Waydroid ke ginawa a kai. Akwai kuma kayan Google: Play Store, taswira, hanyar isar da sanarwa, da hanyar shiga asusu. Waɗannan ba na kowa ba ne, lasisi Google ke bai wa kamfanonin waya bayan na'urarsu ta ci jarrabawarsa. Tun 2018 na'urar da ba ta da wannan shaida ba ta iya shiga asusun Google kai tsaye. Waydroid na ba da zaɓi biyu yayin girkawa, ɗaya babu kayan Google, ɗaya da su. Wanda ya zaɓi na biyun sai ya kwafi lambar na'urarsa ya je wani shafi na Google ya yi mata rajista a matsayin wadda ba a tantance ba, sannan Play Store ya buɗe.

Buɗewar Play Store ba ita ce ƙarshen magana ba. Google na bai wa masu manhajoji wani ma'auni mai suna Play Integrity, wanda ya gaji SafetyNet da aka kashe kwata-kwata a farkon 2025. Da shi manhaja ke tambayar Google ko na'urar da take kai ta asali ce, mai hatimi, wadda ba a taɓa cikinta ba. Daga watan Mayun 2025 an ƙara tsaurara ma'aunin a na'urori masu Android 13 zuwa sama, inda amsar ke dogara da wani mabuɗi da aka dasa a ƙarfen wayar tun daga masana'anta. Kwamfutar da ke ɗauke da Waydroid ba ta da wannan mabuɗi, kuma babu wata ƙwarewa ta ƴan sa-kai da za ta samar mata da shi ta halastacciyar hanya.

Sakamakon shi ne manhajojin bankuna da na biyan kuɗi da dama, da wasu wasanni, da wasu na hukumomi, suna ƙin buɗewa. Masu bankuna na da hujja: ƴan damfara na amfani da na'urorin kwaikwayo su buɗe ɗaruruwan asusun boge a kan kwamfuta ɗaya, kuma wayar da aka fasa tsaronta ta fi sauƙin sace wa kuɗi. Masu suka, ciki har da masu tsarin GrapheneOS da aka sani da tsananin tsaro, na cewa ma'aunin ya fi duba ko na'ura na da lasisin Google a kan duba ko tana da tsaro, tun da tsohuwar wayar da ta shekara da shekaru ba a sabunta ta ba tana iya tsallake matakin da sabon tsari mai cikakken faci zai faɗi.

Wannan taƙaddama ba sabuwa ba ce. A watan Yulin 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34, kuma cikin laifukan da ta same shi da su har da hana kamfanonin waya sayar da na'urori masu wani nau'in Android da bai amince da shi ba. A 2022 kotun tarayyar ta rage tarar kaɗan, ta bar akasarin hukuncin.

Google na zuwa da nasa

A daidai lokacin da ƙofar gefe ke ƙara ƙuntata, Google na shirin buɗe tasa babbar ƙofa. A watan Yulin 2025 Sameer Samat, shugaban sashen Android, ya tabbatar cewa kamfanin na haɗe ChromeOS da Android su zama tsari ɗaya. A watan Satumba, a taron kamfanin Qualcomm a Hawaii, manyan jami'an Google suka ƙara bayani cewa ana gina Android na kwamfuta, ana kuma sa ran ganinsa a 2026. A kan irin wannan kwamfuta manhajar banki za ta buɗe ba gardama, domin na'urar za ta zo da hatiminta. Sharaɗin kawai shi ne a sayi sabuwa.

Wasu matakai biyu sun ƙara nuna inda aka dosa. A watan Maris 2025 Google ya sanar cewa aikin gina Android zai koma cikin gida gaba ɗaya, sai an kammala sabon zubi a saki tushensa ga jama'a. A watan Agusta kuma ya ce duk mai son manhajarsa ta hau wayoyi masu hatimi sai ya yi rajista da shaidar ko shi wane ne, ko da ba ta Play Store zai raba ta ba. Za a fara aiki da dokar a watan Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singapore da Thailand, sauran duniya daga 2027. Rumbun F-Droid, mai raba manhajojin kyauta, ya yi gargaɗin cewa matakin na barazana ga wanzuwarsa, kuma bayan ƙorafe-ƙorafe Google ya ce zai bar wata hanya ga ƙwararrun masu amfani.

Abin da ya faru da Huawei ya isa misali. Takunkumin Amurka na watan Mayun 2019 ya raba sababbin wayoyin kamfanin da kayan Google, kasuwarsa a wajen ƙasar Sin ta durƙushe, duk da cewa wayoyin na nan da ingancinsu. Sai da ya gina nasa tsarin, HarmonyOS, wanda sabon zubinsa na 2024 ya daina karɓar manhajojin Android kai tsaye. Masu amfani da shi da ke buƙatar irin waɗannan manhajoji a yau ta cikin kwantena suke buɗe su.

Abin da ya shafi Nijar

A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, akasarin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da ofisoshin ƙungiyoyi da hannun ɗalibai na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka. Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas, wanda ya fito a 2017, ko makamancinsa na AMD. Duk wadda ta girmi haka an bar ta a baya. Microsoft ya ba da ƙarin wa'adin shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dalar Amurka 30, kusan jaka 17 na kuɗin sefa, ko ta wasu sharuɗɗa na asusunsa. Bayan wa'adin, irin waɗannan na'urori ne kamfanonin ƙasashen waje za su ƙara zubarwa, kuma kasuwannin Afirka na cikin wuraren da suke ƙarewa.

A ɗaya gefen, jama'a da waya suka san intanet, kuma wayar Android ce, galibi ta kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel. Don haka duk wanda zai yi wa ƴan ƙasa manhaja, waya yake fara tunawa, sau da yawa ita kaɗai.

Ga irin wannan yanayi kwantena na da amfanin da ba a raina ba. Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo zai iya gwada aikinsa a kan kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, inda makwaikwayin da ke zuwa da Android Studio zai yi mata nauyi. Ƙungiyar da ke horar da masu tattara bayanai a kan KoboCollect ko ODK Collect za ta iya haska manhajar a bango kowa ya gani. Makaranta za ta iya ɗora ƙamus da manhajojin karatu da ba sa buƙatar intanet a kan tsofaffin kwamfutocinta. Kuɗin da za a kashe shi ne na saukewar farko, wadda ke kai wa wajen giga ɗaya.

Inda bai kamata a kai ta ba shi ne wajen kuɗi. Manhajar banki ko ta aika kuɗi wurinta waya mai hatimi, mai layin SIM na mai asusun. Intanet cike take da dabarun yaudarar ma'aunin Google da kuma nau'o'in Android da wasu suka yi wa kwaskwarima, kuma duk wanda ya shigar da lambar sirrinsa a cikin irinsu ya miƙa wa wanda bai sani ba mabuɗin taskarsa. Mai son babban allo yana da hanyoyi mafi aminci. WhatsApp na da shafinsa na kwamfuta tun 2015. Akwai kuma scrcpy, ƙaramar manhaja ta kyauta da kamfanin Genymobile na Faransa ya fitar a 2018, wadda ke nuna fuskar waya a kan kwamfuta ta igiyar USB, a riƙa sarrafa ta da madannai, alhali komai na gudana a cikin wayar.

Babban aikin kuwa yana wuyan masu ba da kwangilar manhajoji: ma'aikatu, bankuna, kamfanonin sadarwa da na aika kuɗi. Duk hidimar da aka kulle a cikin manhajar da sai ta Play Store ake samunta, kuma sai Google ya sa hannu take buɗewa, an ɗora ta ne a kan sharuɗɗan da wani kamfani a California zai iya sauyawa ba tare da ya tuntuɓi kowa a Yamai ba. Maganin ba mai tsada ba ne: kowace hidima ta jama'a ta kasance tana da shafin da ke buɗewa a burauza, a kan kowace na'ura, a kuma bar lambobin tauraro ga masu ƙananan wayoyi. Tsarin DHIS2 na jami'ar Oslo, wanda ma'aikatun lafiya na ƙasashen Afirka da dama ke amfani da shi, ciki har da ta Nijar, haka aka gina shi: akwai manhajar waya ga ma'aikacin karkara, akwai shafi ga na ofis. Yanzu da babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na nan take a ƙarshen Satumban 2025, bankuna kuma ke sabunta manhajojinsu, lokaci ne da ya dace hukumomi irin su ANSI da ARCEP su sa wannan batu a teburin tattaunawa.

Abin da za a sa wa ido

Ranaku uku ne za su nuna alƙiblar lamarin: Satumban 2026 da dokar rajistar masu manhajoji za ta fara aiki, 13 ga Oktoban 2026 da ƙarin wa'adin Windows 10 zai ƙare, da ranar da kwamfutocin Android na Google za su shiga kasuwa da farashinsu. Idan sun zo da araha, da yawa za su rungume su, bukatar kwantena ta ragu a ƙasashe masu hali. Idan sun zo da tsada, tsofaffin kwamfutoci za su ci gaba da aiki shekaru masu yawa a ƙasashe irin Nijar, kuma Waydroid da ire-irensa za su kasance gadar da ke haɗa su da duniyar manhajojin waya.

Ko ta wace hanya aka bi, gadar tana tsayawa ne a inda hatimin Google ya fara. A lokacin da kalmar diyauci ke bakin kowa a ƙasashen Sahel, tambayar ko ɗan ƙasa zai iya biyan kuɗin wuta ko neman takardar hukuma da na'urar da yake da ita, ba tare da amincewar wani kamfani na waje ba, tana cikin tambayoyin da ke jiran amsa daga masu tsara manufofin sadarwa.